Kura da Bunkure: A gyara tsohuwar kwamfutar gida ko a sauya ta?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin girbin shinkafa, da zarar ya iso Kura zai ga shanya a gefen titi, ya ji ƙugin injinan casa, ya ga motoci ana loda musu buhuna. Abin da ba zai hango daga cikin mota ba shi ne kwamfutocin tebur da ke girke a ɗakunan gidaje, da ƙananan ofisoshin masu injinan casa, da shagunan buga takardu, wasunsu a lulluɓe da zane saboda ƙura.

Da dama daga cikinsu gwanjo ne, ƙirar HP ko Dell ko Lenovo, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin a shigo da su Najeriya. A kansu ake ajiye lissafin buhunan da aka casa, da sunayen manoman da suka karɓi taki bashi, kuma a kansu yaran gida ke gwada hannu kafin jarrabawar JAMB.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba turowa, shekara goma bayan fitowarta a watan Yulin 2015. Kwamfutar ba ta daina kunnuwa ba, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san an yi wani sauyi ba. Amma daga wannan rana, duk wata sabuwar ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano a manhajar za ta iya zama a buɗe.

Ga magidancin da kuɗi ke shigo masa sau biyu a shekara, bayan girbin damina da bayan na rani, tambayar ita ce: ya kashe kaɗan ya farfaɗo da wadda yake da ita, ko ya sayar da ƙarin buhuna ya sayo wata?

Yadda kwamfuta ta shiga harkar noman rani

Ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar ruwa ta Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da tsarin. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanan ruwa a yankin, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa tattara kuɗin ruwa da kula da ƙananan magudanai da kansu.

Wannan aiki na buƙatar rubutu: sunan manomi, girman gonarsa, abin da ya biya, abin da ake bin sa. Haka ma dillalan tumatir a Kwanar Gafan da masu sayar da iri da maganin feshi suna da nasu lissafin. Waya na iya ɗaukar wani ɓangare na aikin, amma jadawalin mutum ɗari uku a Excel ba ya karantuwa da daɗi a fuskar waya, kuma ba a buga shi a takarda sai da firinta.

Sai kuma ɓangaren karatu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, sannan WAEC ta fara gwada irin wannan tsari ga masu zana jarrabawa masu zaman kansu a 2024. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya riga ya yi asarar mintuna kafin ya karanta tambayar farko.

A duba ciwon kafin a sayi magani

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk kwamfutar da ke jan jiki ta tsufa ke nan. Sau da yawa abu ɗaya ko biyu ne ke riƙe ta.

Na farko shi ne ma'ajiyar bayanai. Tsofaffin kwamfutoci na zuwa da ma'ajiya mai faifai a ciki, wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allura na bin sa tana karanto bayanai. Sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Irin wadda ake jonawa a wayar SATA, wadda kusan duk kwamfutocin ofis na shekaru goma sha da suka wuce ke da ita, na iya karanto kimanin megabait 500 a daƙiƙa, alhali mai faifai ba kasafai take wuce 150 ba. Bambancin ya fi fitowa fili wajen kunnawa da buɗe manhajoji. SSD mai gigabait 256 ta wadatar da mai aikin rubutu da lissafi, kuma za a iya barin tsohuwar a ciki ta zama rumbun hotuna da bidiyo.

Na biyu shi ne RAM, wato wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a wannan lokacin. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, amma da an buɗe shafukan intanet biyar ko shida tare da Word sai kwamfutar ta fara haki. Gigabait 8 ne ma'aunin da ke ba da sukuni. Sai dai RAM iri-iri ce: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, domin tsagar da ke jikinsu ba a wuri ɗaya take ba. Abin da ya fi shi ne a cire wadda ke ciki a tafi da ita kasuwa, ko a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinta. A kuma tabbatar Windows ɗin mai lamba 64 ce, domin mai lamba 32 ba ta iya amfani da abin da ya haura gigabait 4.

Mai kwamfuta zai iya gano inda matsalar take da kansa. Idan ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafi zai buɗe da ke nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauke da shi. In ma'ajiya ce ke tsaye a kashi 100 cikin 100, SSD ake buƙata. In RAM ce ta cika, ita za a ƙara.

Akwai kuma ɗan ƙaramin batiri mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, da ke riƙe agogon kwamfuta idan an kashe ta. In ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarun baya, burauza kuma ta ƙi buɗe shafukan banki da na hukumomi, tana gargaɗin cewa babu tsaro. Ana iya kai irin wannan kwamfuta wajen mai gyara a goge komai a sake zuba manhaja, alhali batirin da bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba ne ya ƙare.

Katangar Windows 11

Akwai iyakar da ƙarin kaya ba ya iya tsallakewa. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, na buƙatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Ƙwaƙwalwar Intel ta tsohon zubi ba a sauya ta da ta sabon zubi sai an sauya allon da take zaune a kai, wanda kusan daidai yake da sayen wata kwamfutar.

A nan ne ake yi wa mai saye rufa-ido. Sunan Core i7 shi kaɗai ba ya nuna komai. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗin zubi: i7-3770 zubi na uku ne, na shekarar 2012, kuma ba ya cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su, amma i3-8100 na 2017 zubi na takwas ne, ya shiga. Daga cikin kwamfutocin gwanjo da suka cika sharaɗin akwai HP EliteDesk 800 G4, da Dell OptiPlex 3060 da 5060 da 7060, da Lenovo ThinkCentre M720. Microsoft na da ƙaramar manhaja kyauta mai suna PC Health Check da ke faɗin ko kwamfuta ta cancanta.

Wanda tasa ba ta cancanta ba yana da hanyoyi uku. Zai iya shiga shirin tsawaita gyare-gyaren tsaro na Windows 10 da ake kira ESU, wanda ga masu kwamfutar gida zai ƙare ranar 13 ga Oktoba, 2026. Kuɗinsa Dala 30 ne, amma ana samunsa kyauta idan mutum ya haɗa kwamfutar da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitunanta a can. Zai iya kuma komawa manhajar Linux Mint, wadda kyauta ce, tana tafiya da kyau a tsofaffin kwamfutoci, tana kuma zuwa da Firefox da LibreOffice. Matsalarta ita ce wasu manhajojin gwajin JAMB da wasu firintoci an yi su ne domin Windows, saboda haka sai an bincika kafin a goge komai. Hanya ta uku ita ce a raba kwamfutar da intanet kwata-kwata, ta zama ta rubutu da lissafi kawai.

Wasu masu gyara na ɗora Windows 11 ta bayan fage a kan kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba. Tana iya aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. Mai saye ya kamata ya san haka kafin a ce masa "ai ga ta nan da Windows 11".

Wuta, zafi da ƙura

A wannan yanki, abin da ke kashe kwamfuta ya fi zuwa daga soket da iska, ba daga tsufa ba. Kwamfutar tebur ba ta da batiri irin na tafi-da-gidanka. Da an ɗauke wuta ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma yawan hakan na lalata ma'ajiya. Shi ya sa UPS ke gaba da duk wani kayan ƙawa. Aikinta ba riƙe kwamfuta na sa'o'i ba ne, mintuna kaɗan take bayarwa domin a adana aiki a kashe cikin natsuwa, ko a tayar da janareta. Batirinta na saurin gajiya a ɗaki mai zafi, don haka a sa rai da sauya shi lokaci zuwa lokaci. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ma ta zama dole. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, cire filogi daga bango ya fi kowace na'ura kariya daga tsawa.

Ga gidan da ke amfani da sola, lissafin wuta na iya sauya shawara gaba ɗaya. A ɗauka tsohuwar babbar kwamfuta da allonta na jan wat 100: a awa biyar sun sha wat-awa 500 daga batiri. Ƙaramar kwamfuta irin ta ofis mai girman littafi, tare da allo mai fitilar LED, na iya tsayawa a wajen wat 50, wato rabin wancan. Ga wanda batirinsa ke ɗauke da fanka da fitilu da cajin wayoyi, wannan rabin shi ne bambancin kwana da wuta da kwana a duhu.

Sai ƙura. Hunturu na kawo tasa, injinan casa na ƙara ƙaiƙayi da dusa, sannan zafin Maris da Afrilu na haura digiri 40. Ƙura na toshe fanka da haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwa, ita kuma in ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta, ko ta kashe kwamfutar. Maganin ba shi da tsada: a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a bar mata sarari ta baya, a buɗe ta a hure ƙurar a ƙarshen hunturu bayan an cire filogi, a kuma sa mai gyara ya sabunta man sanyaya da ke kan ƙwaƙwalwa in ya bushe. A rufe ta da zane bayan an kashe, ba lokacin da take aiki ba.

Kayan da ake jonawa

Wajen allo, abu na farko shi ne a duba bakin waya. Tsofaffin alluna na amfani da VGA mai shuɗin kai, talabijin na amfani da HDMI, amma kwamfutocin ofis da yawa DisplayPort ne a bayansu, wanda ya yi kama da HDMI amma ba ya shiga raminsa. Ana samun wayar da ke haɗa biyun, sai dai gara a sani tun a shago da a dawo Bunkure sannan a gane. A sa mai shago ya kunna allon a nuna fari tas, sannan baƙi ƙirin, domin a ga tabo ko layi.

Madannai da linzami masu waya sun fi dacewa da gidan da yara ke amfani da kwamfuta: babu sayen batiri, babu ɓatan ɗan ƙaramin abin da ake soka wa a USB. Ga mai shirin JAMB ma su ne suka fi kama da abin da zai tarar a cibiyar jarrabawa. Mai rubutun Hausa ba ya buƙatar sayen madannai na musamman domin samun ɓ da ɗ da ƙ, Windows na da tsarin madannan Hausa a cikin saitin harshe, haka kuma na Larabci ga malaman Islamiyya.

Firinta ce ta fi cin kuɗi a ɓoye. Mai amfani da garin tona, irin HP LaserJet, ta dace da rasit da jadawali, kuma garin ba ya bushewa ko da an yi wata biyu ba a buga komai ba. Amma tana jan wuta mai yawa lokacin da take ɗumama kanta, saboda haka ba a jona ta a ƙaramar UPS. Mai tankin tawada, irin Epson EcoTank ko Canon PIXMA G, ba ta jan wuta sosai kuma tana buga launi da hoton fasfo, sai dai in aka bar ta a zafi ba a amfani da ita bakin tawadar na toshewa. Kafin a tambayi kuɗin firinta, a tambayi kuɗin tona ko tawadarta, da ko ana samunsu a Kano.

Yawancin kwamfutocin ofis ba su zuwa da Wi-Fi. Ɗan ƙaramin abin kama Wi-Fi na USB na magance wannan, ko kuma a jona waya da kebul a raba datarta.

Wace burauza?

Burauza ita ce ƙofar da kusan komai ke shigowa ta cikinta, don haka wadda ake sabuntawa ta fi wadda aka saba da ita muhimmanci. Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022. Chrome ta daina sabuntawa a kan Windows 7 da 8.1 tun farkon 2023, inda ta tsaya a lamba 109. Duk wanda ke shiga asusun banki ko biyan kuɗi ta Remita a irin wannan kwamfuta yana ganganci da dukiyarsa.

Chrome da Edge da Opera da Brave duk injin Chromium ne a cikinsu, shi ya sa shafin da ya buɗe a ɗaya yakan buɗe a sauran. Chrome ta fi sauƙi ga mai wayar Android, domin asusun Google ɗaya ne ke haɗa su, kuma tana da saitin rage cin RAM da ke kwantar da shafukan da ba a kallo. Edge na zuwa tare da Windows, ba sai an kashe data wajen sauke ta ba, kuma Microsoft ya ce zai ci gaba da sabunta ta a kan Windows 10 har zuwa aƙalla Oktoban 2028. Firefox ta gidauniyar Mozilla nata injin daban ne, tana kuma karɓar cikakkiyar manhajar toshe talla ta uBlock Origin, wadda Chrome ta daina karɓa. Brave na toshe talla da kanta. Opera Mini da aka sani da tsimin data ta waya ce, Opera ta kwamfuta ba ta matse shafuka irin yadda waccan ke yi.

Ajiye burauza biyu dabara ce mai kyau: in shafin wata hukuma ya ƙi buɗewa a Firefox, a gwada Edge ko Chrome. A sauke su daga shafin kamfaninsu, ba daga fulash ɗin da ya zaga shaguna goma ba.

Batun data ma ba ƙarami ba ne tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Windows na iya shanye datar mako a dare ɗaya wajen sabunta kanta. A saitin intanet akwai wurin da ake shaida mata cewa datar a ƙididdige take, sai ta rage sauke manyan abubuwa. Amma kada wannan ya zama hanyar guje wa gyare-gyaren tsaro, a ware rana ɗaya a wata a sabunta ta da datar dare mai rahusa.

A kwamfutar da maigida da uwargida da yara ke rabawa, kowa ya buɗe nasa asusun a Windows, kuma kada a bari burauza ta adana lambar sirrin banki. Mai shiga WhatsApp ta kwamfuta a shagon buga takardu ya tabbatar ya fita kafin ya tashi, in ba haka ba na bayansa zai karanta hirarsa da abokan ciniki.

Kafin a miƙa kuɗi

Masu neman kayan kwamfuta daga Kura da Bunkure galibi Kano suke shiga, titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, wasu kayan kuma daga Computer Village ta Ikeja ake kawo su. Tun bayan sakin Naira a watan Yunin 2023 farashi ke bin Dala, don haka kuɗin da maƙwabci ya sayi tasa bara ba ma'auni ba ne.

A sa a kunna kwamfutar a gaban mai saye, ya karanta lambar ƙwaƙwalwa da yawan RAM daga cikin saitin Windows, ba daga takardar da aka manna a jiki ba. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna lafiyar ma'ajiya da adadin sa'o'in da ta yi tana aiki. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura da kwanakin garanti a rubuce.

Kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman takardu zuwa wuri biyu daban. Sakataren ƙungiyar da ke riƙe da sunaye da lambobin NIN ko BVN na manoma amana ce a hannunsa, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan jama'a nauyin kiyaye su. Share fayil kawai ba ya goge shi daga faifai. In za a sayar da tsohuwar kwamfuta, gara a cire ma'ajiyar a riƙe ta a gida.

Ga wanda kwamfutarsa ta kai zubi na takwas, tsarin kashe kuɗin a fili yake: UPS tukuna, sai SSD, sai RAM, sannan a koma Windows 11, wadda kyauta ce ga mai halastacciyar Windows 10. Wanda tasa ba ta kai ba, SSD da rajistar ESU za su riƙe shi zuwa 13 ga Oktoba, 2026, kuma SSD ɗin za ta bi shi zuwa kwamfutar da zai saya daga baya. Ranar ta faɗo ne daidai lokacin da shinkafar damina ke shirin isowa gida, lokacin da magidanci ke zama ya raba kuɗin girbi tsakanin biyan bashin taki, da kuɗin makaranta, da irin noman rani.